Damin Iri a Ƙasan Adaka

Da wuya a sami alhajin da ya je Tan'im ya ɗauro haramin Umara a Masallacin A'isha, motarsa ba ta ratsa Zahir ba a hanyar dawowa, ko da bai san sunan unguwar ba. Tana arewa maso yamma da Ka'aba, a bakin titin Madina, cikin kwarin da mutanen farko ke kira Fakhkh. A wannan yanki aka binne Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya rasu a Makka wajen shekara ta 73 bayan Hijira yana da shekara tamanin da 'yan kai. In ka ƙara gaba kaɗan ka shiga Jarwal, ga rijiyar Zu Ɗuwa, inda Manzon Allah (SAW) ya kwana, ya yi wanka da safe, sannan ya shiga gari. Fadar dutsen da aka fara gina wa Sarki Abdul'aziz a 1946, aka gama a 1952, ita ma a Zahir take: ta sauki baƙi, ta zama makaranta, daga baya aka mai da ita gidan tarihi. Dare da rana motoci na gilmawa ta gabanta, maƙare da mutane cikin fararen harami sababbi dal, wasu ko karin ninkin kanti bai sake su ba.

In ka bar babban titi ka kutsa lungu kuwa, za ka tarar da gidajen da tufafin da ya fi daraja a cikinsu shi ne wanda ya fi tsufa. Hausawa sun daɗe a Makka. Tun kafin zuwan Turawa ake tahowa, amma ƙaura mai yawa ta biyo bayan 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Daga nan hanyar ba ta sake yin ciyawa ba. A bi ta Maiduguri, a ratsa Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, a wuce Abeshe da Jinaina da Al'ubayyid, a tsaya a gonakin audugar Jazira a yi ƙodago a tara kuɗin jirgin ruwa, sannan Sawakin, sannan Jidda. Wani ya yi shekara uku, wani goma. Wani a hanya aka haife shi, wani a hanya aka binne shi. Waɗanda suka iso suka zauna su ake kira Takari. Sun cika Jarwal da Misfala da Hindawiyya da Shari'u Mansur, jikokinsu kuma su ne ke amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi a yau.

A Zahir na san wani dattijo cikin ragowar 'yan wannan hanya. A kafaɗar mahaifinsa ya baro ƙasar Kano, ya shigo Makka da ƙafarsa yana ɗan yaro, daidai lokacin da ake ƙarasa ginin fadar can. Wata rana bayan la'asar muna shan shayi, hira ta kai mu ga suturar mutanen da, sai ya kira jikansa da Larabci ya ce ya jawo adakar da ke ƙarƙashin gado. Adakar ƙarfe ce, koren fentinta ya goge a kusurwoyi. Da aka ɗaga murfi ƙanshin kafur ne ya fara tarbar mu. Sai da yaron ya kwashe fararen jallabiyoyi tuli guda, wasu har yanzu a cikin ledarsu, kafin a kai ga abin da tsohon ke nema, naɗe cikin wani zane a can ƙasa.

Babbar riga ce ta saƙi. Da siraran saƙa aka harhaɗa ta, faɗin kowanne bai wuce yatsu uku ba, duk ɗinkin hannu. Shuninta ya koɗe a kafaɗu har ya koma ruwan toka, amma a cikin ninki, inda rana ba ta taɓa ba, yana nan da duhunsa. Aikin aska biyu ne a aljihun, zaren ya yi ja-ja saboda daɗewa. A kafaɗar dama akwai maho na farin damur ɗin Sudan. A gefen shafi kuma akwai wurin da aka farke aka sake ɗinkewa da zare daban-daban, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Baba, nan fa me ya same shi?" na tambaye shi.

"Nan ne asusun babana, ɗana," ya ce. "A nan yake ɗinke kuɗin guzuri. In mun sauka zango abinci ya ƙare, sai ya juya wa mutane baya ya farke ya zaro ɗaya, inna ta mai da ɗinkin kafin gari ya waye. Mahon nan kuwa ni na jawo shi. Nan ne wurin zamana."

Ya sake sa hannu ya ciro wata, kaftanin da ya sa ranar ɗaurin aurensa. Ya miƙe da ƙyar, ya zura hannu ɗaya a ciki. Hannun rigar ya wuce yatsunsa, kafaɗarta ta zubo masa har damtse. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Tela bai yi kuskure ba. Ranar nan cif ta yi mini. Riga tana inda take, ni ne na ragu."

Maganar nan ta zauna mini. Madubi ba ya gaya wa mutum ya tsufa, domin kullum yana dubawa, fuskar jiya da ta yau kuma babu bambancin da ido zai kama a tsakaninsu. Tsararraki ma ba sa faɗa, tunda tare ake tafiya. Tsohuwar riga ce kaɗai ke riƙe awon mutum na wata rana guda, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ɗan shekara arba'in ya gwada ta ya ji ta matse shi a ciki. Ɗan tamanin ya gwada ya ga ta yi masa yawa, baya ya rankwafa, naman kafaɗa ya zube. Shi ya sa ba na ganin baiken wanda ya kasa rabuwa da ita. Matar da ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, ta bari aka raba kayan mijinta kaf, amma ta ɓoye hula ɗaya da gumin goshinsa ya rina bakinta, ba wauta ta yi ba. Haka uwar da ta adana 'yar rigar sunan ɗanta, alhali shi ma yanzu furfura ta fara fito masa. Hoto yana nuna wa ido kama. Tufa kuwa ana taɓa ta, ana shinshina ta, ta kuma goga da fatar wanda ake kewa.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: tulin jallabiyoyin nan na sama. Kowace Sallah 'ya'ya da surukai sai sun kawo masa, shi kuwa guda biyu yake juyawa, sauran sai adaka.

"Baba, me zai hana a ba mabuƙata?"

Ya girgiza kai. "In na fara rabon kayana, ɗana, kamar na ce na gama ke nan."

Ni ɗan manomi ne, abin da na gani a adakar nan kuma na riga na san shi a rumbu. Da kaka, kafin a fara ɗaurin dami, maigida yakan bi gona da kansa yana tsintar zangarniyar da ta fi cika, mai manyan ƙwaya, wadda tsuntsu bai taɓa ba. Ita ake ɗaurewa daban, a rataye a rufin madafa inda hayaƙi ke bugun ta saboda ƙwari, ko a tura ta can ƙuryar rumbu. Wannan shi ne iri. Ko damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, yara suna kwana da kunu, babu mai taɓa shi. Uwargida ta gwammace ta ranto tiya ɗaya a maƙwabta da ta sa damin iri a turmi. Sai dai iri ɗan kaɗan ne. Sauran hatsin duk na ci ne: a fid da zakka tun ranar girbi, a ci, a ba baƙo, a aika wa 'yar da ke gidan miji, a sayar da wani a yi wa yara kayan Sallah. Manomin da ya toshe bakin rumbu shekara da shekaru, yana jin daɗin cewa yana da hatsi, ranar da ya buɗe gari zai tarar da ƙwari, abin da ko dabba ba za ta ci ba. Shi kansa irin yana da wa'adi. In ya daɗe a rataye ba a kai shi ƙasa ba, ranar da aka shuka shi ba zai tsiro ba.

Rigar mahaifin tsohon nan iri ce. Kaftanin angoncin ma a bar shi a wannan layi. Jallabiyoyin cikin leda kuwa hatsin ci ne, akwai jikin da ke jiran su. Abin da tsufa ke yi wa zuciya shi ne ta daina rarrabe biyun, kome ya zama na ajiya. Kuma da dalili. Wanda ya taso da riga ɗaya, in an wanke sai ya zauna a ɗaki ta bushe, ko wanda ya ga farin 1973 da idonsa, hannunsa ba ya saurin sakin abu. Bahaushiya kuwa akwatinta ne ma'ajin dukiyarta. Atamfa da leshin da ta tara tun daga lefe, in ta-kwana ta taso sai ta miƙa wa dillaliya turmi ɗaya ta fita kunya. Wannan dabara ce, kada a kira ta rowa. Amma akwai inda ajiya ke wuce dabara, duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado kuma ya ga haka. A buɗe akwati, a ɗago turmin atamfar da ba a taɓa kai wa tela ba, ana warware shi ya tsage da kansa a kan layin ninki, asu ya gama huda tsakiyarsa. Marigayiyar ba ta ɗaura ba, magada ba su samu ba, maƙwabciyar da ta yi shekaru tana zuwa biki da zane ɗaya ita ma ba ta samu ba.

Magabata sun iya wannan rarrabewa. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya yi ƙarshen rasuwa cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna, mutum ne mai wadata, ya kuma ga ganimar Farisa. Amma da ajali ya matso, wajen shekara ta 55 bayan Hijira, tsohuwar jabbar ulu ya sa aka ɗauko masa, wadda ya sa ranar Badar, ya ce a yi masa likkafani da ita. Fiye da shekara hamsin yana ajiye da ita domin wannan rana. Sayyidina Abubakar, a ciwon ajalinsa a shekara ta 13, ya ce a wanke tufar da yake jinya a cikinta a haɗa da wasu biyu a yi masa sutura. Da Nana A'isha ta nuna masa ta tsufa, sai ya amsa mata da cewa mai rai ya fi mamaci buƙatar sabuwa. Ita Nana A'isha kuma ta adana mayafi mai maho da gyauto mai kaushi da Manzon Allah (SAW) ya yi wafati a cikinsu. Ba ta kulle su ta yi shiru ba. Ta fito da su ta nuna wa waɗanda suka zo bayansa, ta gaya musu ko mene ne, su kuma suka ruwaito, har labarin ya iso mana. Ga irin da aka kai ƙasa.

Ko Ɗakin Allah sai da aka yi wannan hukunci a kansa. A da, in an kawo wa Ka'aba sabuwar riga, a kan tsohuwa ake ɗora ta, shekara bayan shekara. Da halifa Mahadi na Abbasiyawa ya zo hajji a shekara ta 160 bayan Hijira, masu riƙe da mabuɗin Ɗakin suka kai masa kuka cewa nauyin rigunan ya kai ana tsoron ginin ya rushe. Ya sa aka sauke su duka, aka shafe bangon da turare, aka sa sabuwa. Malaman tarihin Makka sun ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan cire tsohuwar ya raba wa alhazai, kuma da Nana A'isha ta ji Shaiba ɗan Usman na haƙa rami yana binne tsofaffin rigunan don girmamawa, ta ce masa ya sayar a ba matalauta kuɗin. A yau a Ummul Jud ake saƙa rigar Ka'aba, a masana'antar da aka buɗe a 1977, da siliki da zaren zinariya da na azurfa. A da ranar Arfa ake sauya ta, amma tun 1444, wato 2022, aka mai da sauyin 1 ga Muharram. Tsohuwar kuma akan yanka ta a yi kyauta da ita ga manyan baƙi da gidajen tarihi. In tufar da ta shekara a jikin Ka'aba ana sauke ta a raba, ban ga hujjar da shaddata za ta kafa ta ƙi barin akwati ba.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan hanya, kwance muke ce mata, kuma a da ba abin kunya ba ne. Sarki ya tuɓe riga ya ba bafade, malami ya ba babban almajirinsa rawani, yaya ta ba ƙanwa zane, rigar wa ta sauko kan ƙane. In ta koɗe a kai ta marina, Ƙofar Mata ko Kura, a sake tura ta a baba, mabuga su buge ta ta dawo da ƙyalli. Sai ta mutu murus sannan ta koma tsumma ko gammo. Yau masaƙun Kaduna, da suka faro da KTL a 1957, sun yi shiru. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Kantin Kwari ya cika da yadin waje. Kowane biki da ankonsa, a sa sau ɗaya a cusa a durowa. Mun fi iyayenmu tarin tufafi nesa ba kusa ba, amma 'yan kaɗan ne a ciki ke da labarin da za a ba jika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dilolin gwanjon da ake kwancewa a Ƙofar Wambai. Talaka na sayen kwancen mutanen Turai da kuɗin guminsa, alhali kwancen ɗan'uwansa na ruɓewa a akwati a unguwa ɗaya da shi. A Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban mutane da kayan jikinsu kaɗai suka tsira. Irin wannan rana ba ta sallama kafin ta zo.

Akwai abu ɗaya da ya rage a ƙasan adakar, ninke tsaf a gefen rigar saƙin: fararen yadi biyu, haramin hajjin da ya fara yi bayan ya mallaki hankalin kansa. Ya ɗora tafin hannu a kai ya ce, "Wannan ba na kyauta ba ne, ba na gado ba ne. Kayan tafiya ne." Alhazanmu da yawa haka suke yi, su adana harami domin likkafani, wasu har su tsoma shi a ruwan Zamzam kafin su ninke. Mutuwa rigar kowa ce, tsohon nan kuma ya shirya mata da hannunsa, babu rawar murya. A raina na ce wanda ya iya ninke wannan bai kamata rabon jallabiya ya ba shi tsoro ba. Ban furta ba, don ba a yi wa babba wa'azi a ɗakinsa. Na dai fahimci cewa ba kabari yake tsoro ba. Tsoronsa shi ne a ɗauke shi wanda ya gama amfani tun yana numfashi.

Alhali aikinsa mafi girma yana nan bai yi ba. Duk lokacin da yake ba ni labarin shafi da maho, jikan nan na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. Yaro ne mai ladabi, a Makka aka haife shi, a Makka aka haifi ubansa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da Hausa kakan ya yi maganar, saboda haka ni baƙo na ji, mai gadon bai ji ba. Ranar da tsohon ya kwanta dama, yaron nan zai ɗago wata koɗaɗɗiyar riga mai faci, bai san nan ne kakansa ya zauna daga ƙasar Kano har Sudan ba. In ya jefar da ita, wa zai ga laifinsa? Akwai rigunan Hausa a Gidan Makama a Kano, akwai su a gidan tarihin Birtaniya a Landan, suna nan lafiya a bayan gilashi. Mai kallo zai yaba aikin allura ya wuce, amma babu gilashin da zai gaya masa wace ce ta mai da ɗinkin shafi kafin asuba. Tsohon da ƙarfin noma ya ƙare masa, ƙafa ta daina kai shi kasuwa, wannan shukar ce ta rage a hannunsa, kuma babu mai iya yi masa ita.

Saboda haka, mai karatu, in kana da tsoho ko tsohuwa a gida, a Kano kake ko Maraɗi ko Zahir, kada ka jira ranar rabon gado. Ka roƙe su cikin ladabi su buɗe adaka tun suna iya magana. Ka tara yara su zauna, ka kunna waya ka naɗi murya, in yaran ba sa jin harshen ka fassara musu nan take. Ka rubuta sunan mai rigar da garinsu da shekarar a 'yar takarda, ka sa a aljihunta. Na saman kuwa, in masu su sun yarda, a wanke, a goge, a kai wa mabuƙata kafin hunturun bana ya shigo.